Tarin Gambiza, Motar Kawu Abdulmajid

Jama'a a gyara zama, wanda ke tsaye ya nemi dutse. Yau zan gabatar muku da Sarkin Rairayi, Gwamnan hanyar Dogon Kiriya, babban likitan buji na ƙasar Arewa tun daga Dogondutsi har inda rezon salula ke ƙarewa, mutumin da ya taɓa tsayar da mota da dungu ranar da burki ya tafi hutu, wato Kawu Abdulmajid, ƙanin mahaifiyata. Duk waɗannan sarautu ni na naɗa masa, shi bai san da zamansu ba. Ni kuma mai shelar sunana Mu'awiya. Na bar lakwal, wato boko, a katiriyam, aji uku na sakandare, bayan ni da lissafi mun kasa fahimtar juna. Na sayar da isansi, wato fetur, a kwalba, na yi gyaran salula har masu salular suka roƙe ni in huta, na yi kabu-kabu da babur ɗin aro. Yanzu rubutu nake gwadawa, tunda shi ba ya kama wuta a hannu.

Kawu gajere ne, ba ya son magana, kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka saboda shekarun da ya yi yana leƙa taya ta taga. Da amalanken jaki ya fara, a Sukukutane, yana kai gero kasuwa. Daga nan ya bi wani mai kaminyo, babbar motar kaya, zuwa bakin teku, ya daɗe har aka fara mantawa da shi, sai ga shi wata rana ya dawo da gawar mota an ɗauro ta a bayan wata motar. Mahaifiyata ta ce da ta gani sai ta ɗauka kejin kaji ya sayo mata.

Wannan gawar ita ce Gambiza. Sunan daga haɗin gambiza ya fito, kuma ba zalunci aka yi mata ba. Jikinta na ƙasar Faransa ne, irin bashe ɗin nan mai buɗaɗɗen baya. Injinta ɗan Japan ne, an tsallako da shi daga Kabi a kan amalanke, babu takarda, lambar jikinsa ma ta goge, don haka babu mahaluƙin da ya san daga wace mota aka ciro shi. Da aka zo saka shi sai ya ƙi shiga, ya fi gurbin girma. Wani mai walda ya yanke nan ya ƙara can, ya ɗauke batir daga gaba ya kai shi ƙarƙashin kujerar fasinja, ya ja wayoyi yadda Allah ya hore masa, sannan ya tafi Aljeriya bai dawo ba. Kujerar kanta daga wata motar daban aka ciro ta. Abin da ya rage na asali a Gambiza, a iya bincikena, ƙofa ɗaya ce da ƙaho.

Ga wanda bai taɓa leƙa inji ba: Gambiza na da buji huɗu, kowane yana kyasta wuta a ɗakinsa don isansi ya kama. Idan ɗaya ya ƙi, sai mota ta fara tari tana ɗingishi kamar akuya mai ƙaya a kofato. Kawu yana da hanyarsa ta gano mai laifi. Inji na aiki zai kama wayar kowane buji da hannu tsirara. Wanda ya cije shi har gashin hannunsa ya tashi, lafiyarsa lau. Wanda bai cije shi ba, shi ne maras lafiya. Magani kuma ɗaya ne: gashi. Kowace safiya yana kwance su huɗun, ya kai wurin mai shayin tasha, ya jera su a kan garwashi kusa da buta har baƙin da ya taru a bakinsu ya ƙone. Bai taɓa jefar da buji ba. Yana da gwangwanin madara cike da tsofaffi, har da na babur da na janareto, yana cewa hutawa suke.

Sai Inna Habsatu. Bafulatana ce, rugarsu na gefen hanya idan an baro Dogon Kiriya. Duk ranar kasuwar Dutsi, wato Dogondutsi, tana tsaye gindin wata aduwa da jarkokin nono da ƙwaryar man shanu. Mijinta marigayi, Isa, abokin Kawu ne. Shi ya taɓa jawo Gambiza daga cikin kwari da bijimai biyu a wata damina, ya ƙi karɓar ko goro. Tun da Isa ya rasu Kawu ya ce kujerar gaba ta Habsatu ce. Ranar da ba ta tafiya babu mai zama a kai, buta da darduma yake ɗorawa. Masu hannu da shuni sun roƙa, wani malamin lakwal ya yi fushi, Kawu ya ce baya akwai iska mai daɗi.

Kada wannan ya sa ku ɗauka suna magana da ladabi. Mu Arawa da Fulani taubasai ne, kuma waɗannan biyun sun riƙe wasan kamar aikin gwamnati. Kafin mota ta gama tsayawa za ka ji ta:

"Bawana ya iso. Yau ma da wannan gwangwanin ka zo ɗaukar uwar gijiyarka?"

"Shiga ki rufa ƙofa, baiwar Arawa. Ruwa nawa kika ƙara ma nonon yau?"

"Daidai wanda kake ƙara ma isansi."

Haka za su yi ta yi har Dutsi. Fasinja na baya suna miƙo wuya ta tagar tsakiya don kada wani zagi ya wuce su.

To, a ƙarshen daminar bara, bayan ruwa ya gama farfasa hanya, Gambiza ta kamu da wani sabon tari. Ba irin nata na kullum ba. Tana cikin tafiya, da an shiga gargada, sai inji ya sarƙe gaba ɗaya, ya saki, ya sake sarƙewa, bututun hayaƙi ya yi harbi, wani lokaci ta mutu a tsakiyar rairayi. Kawu ya sauka, ya kama wayoyi, duk huɗun su cije shi. Ya kwance buji, duk huɗun baƙi ƙirin. Ya goge, a tura, a tafi, can gaba a sake.

A irin wannan tsayuwar ce, rana ta take, nono na dumama a jarka, Habsatu ta leƙo ta taga ta ce masa ko jakinsa na dā ya fi wannan abin mutunci. Kawu, kansa na cikin inji, ya ce:

"Lahiyarta lau sai kin shiga. Ke ce kika ɗauko mini iskokin rugarku kuna shaƙe mini mota."

Habsatu ta yi dariya har ta buga ƙofa. Ta ce iskokin rugarsu ba sa hawa abin da bai kai jaki daraja ba. Magana ta wuce a wurinsu.

Amma ba ta wuce a baya ba. A baya akwai Basira, 'yar kasuwar wake, mace mai jiki da murya, wadda ita ce ke tara ma Kawu yawancin fasinjansa mata. Basira ta riƙe maganar ta tafi da ita gida, ta juya ta, ta auna. Kuma abin haushin shi ne, da aka auna sai ta zauna daidai. Ranar da Kawu ya kai gero Ɗan Kassari, babu Habsatu, mota ba ta yi tari ba. Ranar da ya kai masu gaisuwar mutuwa Tibiri, babu Habsatu, ko atishawa. Ranar kasuwa, Habsatu ta shiga, tari. A ƙasarmu kuwa ba a rasa wanda kakarsa ta san wata doguwa da ke zaune a wata aduwa. Nan da nan aka tuna cewa kullum gindin aduwa take tsayawa.

Kawu ya kai Gambiza garejin Idris a Dutsi. Idris ya tayar da ita, ya taka, ya saurara da kunne a jikin sukundireba, ya zagaya gari da ita shi kaɗai, ya hau gargadar bayan tasha da gangan. Mota kamar amarya.

"Abdulmajid, mi kake so in gyara? Wagga ta hi ni lahiya."

"Tari take."

"To ta yi in ji."

Ta ƙi. Don kada a ce bai yi komai ba, Idris ya wanke kabureta, ya ce a canza buji. Nan muka faɗa rami na biyu, domin a shagon Abdulwahid mai kayan mota tambayar farko ita ce: wace mota?

Abdulwahid saurayi ne mai gemu da ɗangalallen wando, mai gaskiya a ciniki, kuma ba ya jure jin kalmar iska. Kawu ya ce masa motar Faransa ce. Ya kawo buji. Kawu ya ce amma injin na Japan ne. Ya mayar ya kawo wasu. Ya tambaya wane injin Japan, domin akwai mai son buji mai dogon zare, akwai mai son gajere, idan aka sa dogo inda ake son gajere sai fistan ya daki bakinsa. Kawu ya zazzage gwangwaninsa a kan kanta ya ce duk waɗannan sun taɓa zama a ciki kuma babu wanda ya kawo ƙara. Abdulwahid ya dubi tsibin, ya ɗaga wani ya ce wannan na injin ban-ruwa ne. Sannan ya yi mana wa'azi a kan masu jingina lalacewar ƙarfe ga aljanu, ya ce shirka ce tsagwaronta, matsalar buji ce, ya ba mu masu dogon zare. Ranar kasuwa Gambiza ta yi tari da su. Muka koma ya ba mu gajeru. Ta yi tari da su.

A nan ne ilimi ya shigo, wato ni. Na hau tudun da ake samun rezo na bincika da faransanci. Na gano cewa motar da aka canza wa inji sunanta modifiye, kuma masana sun ce irinta buji mai sanyi take so, wanda ke saurin zubar da zafi. Na gangaro da gudu.

"Kawu, kuskuren da kake tun farko ke nan. Motarka modifiye ce. Buji mai sanyi take so, kai kuma kullum kana gasa su."

Ya dube ni. "In sa su randa?"

"A'a, haka anka ƙera su. Akwai mai zahi, akwai mai sanyi."

"In an taɓa a ji?"

"Ba a ji."

"To da mi anka san mai sanyi ne?"

Na ce lamba ce a jiki. Ya ce lambar da ke jikin injinsa ma ta goge kuma bai fasa aiki ba. Duk da haka ya yarda, don ya rasa abin yi. Abdulwahid ya sa aka kawo su daga Yamai cikin kwali mai ƙyalli. Daga baya na sake duba bidiyon na ga motocin da ake magana a kansu masu tsere ne a kan kwalta, ba masu rarrafe da buhun wake a rairayi ba, amma wannan ba laifin bincike ba ne, laifin rairayi ne. Bujina masu sanyi suka yi baƙi tun ba a kai Matankari ba. Kawu ya gasa su washegari tare da sauran.

Ana cikin haka maganar ta bar mota ta shiga kasuwa. Matan da suka saba sayen nonon Habsatu suka fara wucewa suna kallon gefe. Wata ta dawo da man shanu ta ce yaronta ya yi firgita. Habsatu ta koma gida da jarka cike, ta zuba wa 'yan maruƙa. Ita kaɗai ke riƙe da jikoki a rugar, kuma babu wata mota da ke bin wannan hanyar ranar kasuwa sai ta wani Jalaluddeen, ita kuma tana cika tun daga tasha, ba ta tsaya mata.

Basira ta tare Kawu a wurin mai shayi, yana juya buji da tsinke.

"Abdulmajid, mun yi shawara. Kasuwa mai zuwa, ko ita ko mu. In ka tsaya gindin aduwar nan, mu duka mun koma wurin Jalaluddeen."

"Basira, wasa nike. Taubashiyata ce."

"Wasa ne ke kashe mota tsakiyar daji? Kai da bakinka ka hwaɗi."

"Na hwaɗi tana ƙara ruwa ga nono ma. Kin daina sha?"

"Na daina."

Kawu ya ajiye tsinken. Ban taɓa ganin ya bar buji ya wuce lokacinsa a wuta ba sai ranar. Idan ya bar Habsatu, ya tabbatar wa duniya da abin da ya faɗa da wasa. Idan ya ɗauke ta, ya tafi da mota babu kowa. Kuma ina jin abin da ya fi damunsa shi ne shi kansa ya fara rasa amsa. Na gan shi da yamma yana zagaya motar yana tofa addu'a, ya gama ya buɗe inji ya sake kama wayoyi, ya gama ya sake tofawa. Na tambaye shi wanne ya yarda da shi a ciki, ya ce in matsa ina tare masa haske.

Ranar kasuwa na bi su, don in ga ƙarshen abin, kuma don har lokacin ina da sauran fata a kan bujina. Mota ta cika da mata da buhuna da 'yan maza kaɗan, Basira na zaune a kan wakenta kamar alƙali. Kujerar gaba buta da darduma. Tun daga Dogon Kiriya Gambiza ke tafiya sumul. Da aduwar ta bayyana, Basira ta buga rufin mota da tafin hannu don ya wuce. Kawu ya tsaya duk da haka.

Habsatu ta matso taga. Kowa ya miƙo wuya yana jiran zagin safe.

"Ina kwana, Malam Abdulmajid. An tashi lahiya? Ya iyali?"

Wallahi da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ya ce lafiya lau, murya ƙasa-ƙasa, ya miƙa hannu zai ɗauke buta daga kujera. Ta ce ya bari. Ta juya wurin Basira ta ce ta ji shawarar da aka yanke, ba za ta raba mutum da abincinsa ba. A bar ta ta hau can ƙarshen baya, wannan karon kawai, don ta kai nonon da ta riga ta tatsa. Idan motar ta yi tari ko sau ɗaya, a sauke ta a inda aka tsaya, ba za ta sake tare hanya ba.

Basira ta yi tunani ta ce ta yarda. Sannan, tunda nasara ba ta daɗi a kan buhu, ta sauko ta buɗe ƙofar gaba ta miƙa mini buta da darduma. Kawu ya ce wurin da mai shi. Habsatu daga bayan mota ta ce, "Bar ta ta zauna, Malam." Basira ta zauna, kujera ta yi ƙara. Matan baya suka tattara zannuwansu suka bar wa Habsatu fili kamar mai ƙyanda.

Ba mu yi nisa ba. Gargadar farko Gambiza ta sarƙe, ta yi harbi har wata akuya da ke ɗaure a baya ta saki fitsari, ta yi tsalle biyu ta mutu.

Habsatu ta sauka da kanta, ta sauke jarkokinta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora ƙwarya a ka, ta ja su zuwa wata 'yar inuwa a gefen hanya ta zauna ta ba mu baya. Kawu ya riƙe sitiyari yana kallon gaba. Basira ta ce a tura, rana na yi.

Muka tura. Ta tashi. Muka yi tafiyar da ba ta fi jifan dutse ba, sai ta sarƙe fiye da na farko, ta yi ta shure-shure, Kawu na taka mata wuta tana ƙi. Habsatu kuwa tana can baya, ɗigo a gindin itace.

Basira ta ce ai ba a yi nisa da ita ba ne. Wata tsohuwa a baya ta ce a'a, abin ya riga ya saba da motar. Wata ta ce ko dai ya bar Bafulatanar ya koma kan wani. Kowa ya san wa ake nufi. Basira ta buɗe ƙofa ta sauko don ta ji wa ya faɗa.

Tana sauka inji ya daidaita. Yana bugawa tsaf kamar agogo.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Ta koma ta zauna. Ya sarƙe. Ta tashi. Ya daidaita. Ta sake gwadawa a hankali, kamar mai zama a kan ƙwai, ya sarƙe a hankali. Matan baya suka fara salati, kuma na lura filin da suka bar wa Habsatu yanzu Basira suke bar wa.

"Ni ba ni da komi," in ji Basira, muryarta ta sirance. "Gidanmu ko bori ba a yi. Ku tambaya."

Na ce a ba ni wuri in gwada. Na zauna, inji bai ko kula da ni ba. Na yi tsalle a kai, ya ɗan yi gyaran murya ya ci gaba. Tsohuwar ta ce abin mata yake bi. Wani dattijo ya ce a'a, yaron ne ba shi da albarkar da iska za ta so. Kawu na tsaye da gwangwanin buji a hannu, ya rasa wanda zai kwance. Ni ma kaina ya ɗaure, ban san me nake nema ba, na dai ga kowa ya zauna sai kaya. Na kira wani saurayi muka ciccibo buhun waken Basira muka dire a kujerar. Gambiza ta sarƙe ta mutu nan take.

Na ce, "Inna Basira, waken ma?"

Ta ce in ci gaba da yi mata rashin kunya, za ta gaya wa uwata.

Kawu ya daɗe yana kallon buhun. Sannan ya ajiye gwangwani, ya ɗauko kile na kwance noti, ya durƙusa ya kwance kujerar ya fito da ita waje. A ƙarƙashi ga batir, ga ɓawon gyaɗa na shekaru, ga wani ɗan kunne da Habsatu ta daɗe tana nema. Ga kuma wata waya da ke kai wuta wurin bobin, abin da ke aika wa buji wutarsu. Mai waldan nan na Aljeriya ya haɗa ta da murɗin hannu ya naɗe da leda. Ƙarfen kujera ya saki da tsufa, ya sauko yana danna mahaɗin. In babu nauyi, wuta na wucewa. In an zauna aka shiga gargada, tana yankewa tana dawowa, buji huɗu su rasa wuta tare, isansi ya jiƙa su su yi baƙi. Kawu ya danna wurin da yatsa, waya ta rabu biyu a hannunsa.

Ya sake murɗa ta, ya naɗe da robar tsohon tayar babur, ya kawar da ita gefe. Na ɗauka zai mayar da kujera. Sai ya ɗaga ta ya ɗora a ka, ya kama hanya a cikin rairayi, ya nufi inda Habsatu take. Na bi shi, don irin wannan ba a ba ka labari.

Ya dire kujerar a gabanta. Ba ta ɗago ba. Ya tsaya yana share gumi, ya gyara hula, ya buɗe baki ya fara, "Habsatu, ki yi..." sai ya tsaya. Na ga ya gane idan ya ƙarasa da ladabi, shi ke nan, sun zama Malam da Malama har abada. Ya yi gyaran murya.

"Ke baiwar Arawa. Waya ce. Ko iskoki sun duba ki sun ga ba riba."

Wata iska ta gaske ta taso ta watsa mana rairayi. Habsatu ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta zagaya kujerar tana dubawa kamar mai sayen saniya, ta zauna a kai a tsakiyar daji, ta ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ba'are," ta ce, "wata nawa kana gasa ƙarfe kana jira ya nuna?"

Kawu ya saki numfashi.

Ta ce ba ta gama ba. Bakin da ya ɓata mata nono shi zai gyara. Yau a kasuwa zai zauna gaban jarkokinta, ya sha ƙwarya guda a idon kowa, ya faɗa da ƙarfi cewa Ba'are ne ya yi ƙarya. Ya ce nonon da ya sha rana haka ai azaba ce. Ta ce shi ya sa. Sannan ta tashi ta ce bawa ya ɗauki kujera, ya dawo ya ɗauki jarkoki. Ya yi sawu biyu, ni na ɗauki ƙwarya.

Ya sha nonon. Ina wurin. Ya yi tsami har idonsa ya kawo ruwa, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, Habsatu ta ce ba a ji a layin masu barkono ba, ya sake. Basira ce ta fara miƙa kwanonta, tana cewa ita dama tun farko ta ce a duba kujera.

Har yau ba a daidaita a kan abin da ya faru ba. Tsohuwar nan ta ce waya ba ta tsinkewa da kanta, a tambayi wanda ya ci ledar. Idris ya ce ya yi zargin wurin, lokaci ne bai samu ba. Abdulwahid ya ce gaskiya ta yi halinta, amma har yanzu bai san ko dogon zare injin ke so ko gajere ba, kuma abin na hana shi sukuni. A yanzu Gambiza na tafiya da dogo ɗaya, gajere ɗaya, mai sanyina ɗaya, da na injin ban-ruwa. Ni ina ganin nawa ne ke riƙe da sauran. Wani lokaci tana ɗan tari idan an juya hagu, wannan kuma babu wanda ya san dalili.

Makon jiya na same su gindin aduwa, mota a kashe, Habsatu a kujerarta tana gaya masa hularsa ta yi kama da murfin tukunya. Na ce Kawu ya saurara, na rubuta tarihinsa. Na buɗe salula na karanta masa farkon, da murya irin ta masu shela: Sarkin Rairayi, Gwamnan hanyar Dogon Kiriya, babban likitan buji na ƙasar Arewa. Na ƙara da cewa duniya za ta san shi, kuma za ta san wanda ya ɗora buhun. Na tambaye shi ko yana da kalmar da zai bar wa masu karatu.

Ya murɗa makulli, Gambiza ta yi ƙus ta yi shiru.

"Ka gama?" ya ce. "To je ka tura."